Ƙarar Tafet Ta Ɗauke, Babur Ya Ƙi Tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Oga. Ina da tsohon babur Honda CG125 da na gada a wajen yayana, da shi nake zuwa gona da kasuwa. Kwanakin baya ya fara wata ƙara, tak-tak-tak, a saman inji. Na kai wa bakanike, ya buɗe murfin sama inji na da zafi, ya ɗaure wasu notuna biyu, ƙarar ta ɗauke. Amma tun ranar sai na sha kiki kafin ya tashi, kikin ya yi laushi, yana mutuwa a silo, kuma ba ya da ƙarfin hawa tudu. An canza filogi, an wanke kabireta, duk a banza. Me ke damunsa? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka daina kashe kuɗi a kan filogi da kabireta. Daga bayaninka, bakaniken ya matse bawul ne ya wuce kima, kuma ina roƙonka kada ka yi doguwar tafiya da babur ɗin sai an gyara.

Injinka bawul biyu gare shi: ɗaya na shigar da mai da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Tsakanin kan kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi, wanda muke kira tafet, da gangan kamfani ya bar 'yar tazara. Ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi, kuma sassan inji ba sa miƙewa daidai da juna. Tazarar nan ita ke tabbatar da cewa bawul zai koma ya rufe ruf, ko inji na sanyi ko yana zafi. In ta yi yawa, sai ka ji tak-tak ɗin da ka ji. In kuwa aka kashe ta gaba ɗaya, ƙara za ta ɗauke, amma bawul ba zai zauna a mazauninsa ba. Iskar da fistin ya matsa sai ta riƙa sulalewa, shi ya sa kikinka ya yi laushi.

Abin da ya fi damuna shi ne bawul ɗin hayaƙi. Yana cikin wuta kullum, kuma yawancin zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. In bai zauna ba, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye leɓensa. Na sha ciro irinsa: gefe ɗaya ya yi fari-fari, da wata 'yar tsaga kamar an gutsire. Aikin da bai wuce na rabin awa ba, sai ya koma sauke kan inji. Saboda haka a wurina ƙaramar ƙarar tafet ta fi shirun da aka samu ta hanyar matsewa.

Ma'aunin CG125 shi ne milimita 0.08 ga bawul ɗin duka biyu. Honda ta fito da wannan babur a 1975, ta yi shi don ƙasashen da babur ke shan wahala ba tare da cikakkiyar kulawa ba, shi ya sa saitinsa ba wuya. Amma kada mai wani babur ya ɗauki wannan lamba ya yi aiki da ita. Tsohon Honda C70 da C90 nasu 0.05 ne. Masu AX100 kuwa, na Suzuki ko na Jincheng, wanda ke shan man injinsa tare da fetur, ba su da tafet ɗin da za a saita sam.

Sai inji ya yi sanyi ake aikin. Littafin Honda ya ce ƙasa da digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu iskar gari kanta ta fi haka da rana. Don haka ka bar babur ya kwana, ku yi da sassafe. A ɗora shi kan jek ɗin tsakiya, a cire filogi don inji ya juyu da sauƙi, a buɗe murfin sama. A gefen hagu, jikin maganeto, akwai alamun F da T. F ta lokacin wutar filogi ce, T muke nema, wadda ke nuna fistin ya kai can sama. A juya inji a hankali, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, ana kallon bawul ɗin mai: zai nutse, ya dawo, daga nan a ci gaba har T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji. Nan yara da yawa ke kuskure, domin T na zuwa sau biyu kafin inji ya kammala zagayen aikinsa, kuma ɗaya ce kawai ta saiti, wadda bawul biyun ke rufe.

Daga nan a sassauta notin da ke riƙe sukurun tafet, a ja sukurun baya, a zura fila geji (siririn fallen ƙarfe na auna tazara) mai lamba 0.08 a cikin tazarar, a matso sukurun har gejin ya riƙa zamewa da ɗan riƙo. Kada ya maƙale, kada kuma ya yi lako-lako. A riƙe sukurun kyam sannan a ɗaure noti, domin noti yakan ja shi ya ƙara matsewa. A sake aunawa bayan an ɗaure, a juya inji zagaye biyu, a ƙara aunawa. Notin ƙarami ne, ba ya son ƙarfin tuwo.

Na san wasu suna amfani da reza maimakon geji. Kaurinta ya kusa 0.10, ta fi a yi da ka, amma geji ba shi da tsada, kuma bakaniken da ke taɓa inji ya kamata ya mallake shi. In wanda ka je wurinsa ya ce shi da kunne yake saiti, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Kada ka ce tunda inji shiru yake ba ya buƙatar dubawa. A tsohon inji bawul yakan ci mazauninsa a hankali, tazarar ta rage da kanta ba tare da wata ƙara ba. Shawarata a duba duk bayan kilomita 3,000 zuwa 4,000, 'yan acaɓa ma kafin haka.

In an saita daidai kiki ya dawo da taurinsa, ka tsira. In har yanzu da laushi, a zuba ɗan baƙin mai kamar cokalin shayi ta ramin filogi a sake taka kiki. Ya yi tauri, ringi (zoben fistin) ne ya gaji. Bai canza ba, bawul ya riga ya taɓu, sai a sauke kan inji a goge shi da mazauninsa, ko a sa sabo in leɓen ya ƙone, tare da sabon gaskit.