Hoton tauraron ɗan'adam ya nuna kore, to ina itatuwan?

Tambaya: Malam, a yankinmu na Toro kullum manyan motoci na fita da gawayi, amma a wani taro an haska mana hoton tauraron ɗan'adam kore shar, aka ce dajin ma ƙaruwa yake yi. Idona ne ke ruɗina ko hoton?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka lafiya lau. Shi ma hoton bai yi ƙarya ba, mai yi muku bayaninsa ne ya tafka ta'asa.

Tun 1972 taurarin Landsat ke ɗaukar hoton ƙasa, kuma na yanzu kowane ɗigo a hotonsu fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi. Na Sentinel-2 mita 10 ne. Inda aka share daji ƙaƙaf, kamar yadda ake yi a dajin Amazon na Barazil don kiwon shanu, tabon yana fitowa ɓaro-ɓaro, shi ya sa Barazil ke iya lissafin asararta duk shekara tun 1988.

Namu ciwon daban ne, kuma a nan nake gajiya da masu cewa "ai ga shi nan kore". Wa ya ce musu duk kore daji ne? A watan Agusta gero kore ne, tafasa kore, sabara kore. Mai gawayi ba ya share fili. Zai shiga ya zaɓi ƙirya da marke, mai katako ya bi bayansa ya kwashe madobiya, su bar kututture. Ruwa na sauka kututturen ya yi toho, ciyawa ta rufe shi, daga sama sai ka rantse ba a taɓa wurin ba. Wannan shi ne lalacewar daji, wadda ko a kurmin Kuros Riba tana wahalar ganowa, balle a dajinmu da itatuwan dama a warwatse suke. Ita kanta taswirar Global Forest Watch, ta intanet mai bibiyar dazuzzukan duniya, da ake ta kafa hujja da ita, duk tsiron da ya haura mita 5 take ƙirgawa, ba ruwanta da ko madobiya ce mai shekaru aru-aru ko gonar itacen turare da aka dasa shekarun baya. Amma mutum ya ɗauko hoton damina ɗaya tak, ya sa hannu a rahoto, ya koma ofis. Haba!

Idan aka sake nuna muku hoto, ka tambaya: na wane wata ne? A kawo na Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, a jera shi da na Fabrairun shekara goma baya. Google Earth na da tsofaffin hotuna kyauta. Sannan ku keɓe fili ku da mai unguwa, ku ƙirga kututture, ku auna kaurin itatuwan da suka rage daidai ƙirji, ku rubuta. Baɗi ku koma wurin da igiyar awo.