Kafin ku zuba kuɗi a kyamara: amsoshi ga masu sha'awar hoton abinci

Tambayoyi uku na zaɓo wannan makon, duka daga masu ɗaukar hoton abinci don sha'awa kawai, kamar ni.

Tambaya: Ina son girki, kuma duk abin da na dafa sai na ɗauke shi hoto da wayata. Amma hoton sai ya fito rawaya-rawaya, maiƙo na ƙyalli, ba ya ko kama da abin da ke gabana. Na ɗan tara kuɗi, wace kyamara zan saya?

'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Daga yadda kika bayyana hoton, da dare kike ɗauka, ƙarƙashin ƙwan lantarki, wataƙila ma da filashar waya a kunne. Kowane haske da launinsa, ana auna shi da ma'aunin Kelvin: hasken rana ya kai wajen 5500, ƙwai mai ruwan ɗorawa na cikin ɗaki kuwa wajen 2700. Idonki yana gyara wannan bambanci ba tare da kin sani ba, kyamara kuma sai ta yi ta lalube cikin duhu, musamman idan hasken iri biyu ya gauraya. Filasha kuma tana dukan abincin ne gaba da gaba, ta kashe inuwa, ta bar maiƙo yana walƙiya. Ko kyamarar da ta fi kowace tsada kika kawo ɗakin nan, abin da za ta gani ke nan.

Gobe da safe ki gwada wannan. Kashe duk fitilun ɗakin, ki ja ƙaramin tebur kusa da tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye. In tana shigowa, saki farin labule marar kauri. Ki sa farantin yadda hasken zai zo daga gefe ko daga bayansa, kada ya zo daga bayanki. Ɓangaren da ya yi duhu, ki jingina farin kwali yana fuskantar tagar, zai mayar da haske ya sassauta inuwar.

Haka ni ma na kamu da son wannan abu. Wata safiya na yanka lemo biyu na ajiye a bakin taga, haske ya ratso ta bayansa, sai ga kowace 'yar jakar ruwan da ke cikinsa tana haske ita kaɗai, ga ɗigo ɗaya yana rawa a bakin wuƙa. Na daɗe a tsaye ina kallo kafin na tuna da waya. Tururin shayi ma haka yake, ba ya fitowa a hoto sai haske ya biyo ta baya, kuma abin da ke bayan kofin ya zama mai duhu. Tun shekarun 1840 William Henry Fox Talbot na Ingila ya ɗauki hoton kwandunan 'ya'yan itace har da abarba, da na'urar da ko kusa da wayarki ba ta kai ba. Hasken rana ne duk jarinsa.

Abu biyu game da wayar. Goge idon kyamarar kafin kowane ɗauka, domin tururin kicin da zanen yatsa su ke sa hoto ya yi hazo. Sannan babban idon yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, daidai da milimita 24 zuwa 26 (ƙanƙantar lambar ke nuna faɗin gani), in kika matsa kusa sosai sai faranti ya kumbura ta gaba ya tsuke ta baya. Ja da baya, ki danna 2x.

In hannunki na ƙaiƙayin sayayya, fara da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, wadda ake iya kwantar da hannunta a ɗauki tebur daga sama. In kuma sai da dare kike samun lokaci, nemi fitilar LED mai launin hasken rana wadda aka rubuta CRI 95 ko fiye a jikinta, tare da farin mayafin da ke tausasa haske. Lambar nan tana nuna yadda fitilar ke fitar da launi na gaskiya, kuma a hoton abinci launi shi ne ɗanɗano.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina da kyamara da idon da ta zo da shi, 18-55mm. Ina son bayan hotona ya narke yadda nake gani a na ƙwararru. Ido mai 50mm zan saya ko mai ɗaukar ƙananan abubuwa daf da daf?

Ƙanena, sayi 50mm f/1.8 (lambar f tana nuna buɗewar ido: in ta yi ƙasa, ido ya buɗe sosai, haske ya shiga da yawa, baya ya narke). Canon da Nikon da Sony duk suna yin sa, kuma yana cikin mafi araha a jerin idanunsu. Naka in ka zuƙo shi zuwa 55mm, iyakar buɗewarsa galibi f/5.6 ce, wannan kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma. Tun da kyamararka mai ƙaramin sensa ce, wato allon da ke karɓar haske a cikinta, zai yi maka aiki kamar 75mm ko 80mm, tsayin da ke fitar da faranti da siffarsa ta gaskiya.

Sai dai kada daɗin sabon ido ya ɗebe ka ka bar shi a f/1.8 kullum. Na yi wannan kuskuren wata da watanni: ƙwayar shinkafa ɗaya ta fito tar, sauran kwanon duk ya dushe, mai kallo bai san me aka dafa ba. Tsakanin f/2.8 da f/4 ya wadatar in daga gefe kake ɗauka. In daga sama ne, kai shi f/5.6 ko f/8, ka ɗora kyamarar a kan ƙafa uku, ka bar ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na sensa, a 100 ko 200. Mai ɗaukar daf da daf na 90mm ko 100mm yana da kyau ƙwarai wajen fito da ƙwayar gishiri ko raɓa a jikin ganye, amma ya fi tsada, kuma sai ka ja baya sosai kafin faranti ya shiga. Bar shi sai ka ga kana bukatarsa.

Tambaya: Sabuwar kyamara mai megafiksel (miliyoyin ɗigon hoto) da yawa, ko ta hannu mai arha?

Malam, ta hannu, in dai ka duba ta da kyau. Abinci ba ya gudu, saboda haka saurin bin motsi da ake tsawwala kuɗin sababbi dominsa ba zai amfane ka ba. Megafiksel 12 yana ba da hoto mai faɗin ɗigo 4000, ya ishe ka bugawa a takarda girman littafi, balle sakawa a intanet. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi a ciki, tsofaffin DSLR, wato masu madubin, da idanunsu sun yi sauƙi a kasuwar kayan hannu.

Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙananan kyamarori da yawa an ƙera su ne su kai wajen 100,000. Cire idon ka haska shi da tocila, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ka mayar wa mai sayarwa da kayansa. Sannan ka ɗauki hoton farin bango a f/16 ka duba: ƙura tana goguwa, amma layi ko tabon da ya ƙi fita bayan an goge, na sensa ne. Kada ka biya sai ka sa katinka na ajiye hotuna ka ɗauki hotuna goma da hannunka, ka buɗe su a babban allo.