Tambaya da Amsa: Wai Da Gaske An Taɓa Kashe Wikipedia Saboda Dokar Satar Fasaha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ina da ɗan shago ina tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, jiya muna musu da abokina yake cewa wai a Amurka an taɓa yunƙurin yin dokar rufe duk shafin da ake satar fim amma jama'a suka tayar da ƙayar baya har aka fasa, ni kuma na ce masa ina, Turawan da ke ji da haƙƙin mallaka ne za su ƙi irin wannan doka? Don Allah a raba mana gardama. Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. To malam, abokinka ya ci wannan musun, sai ka saya masa shayi da burodi.

Ƙudurori biyu ne ma ba ɗaya ba. Akwai SOPA da ɗan majalisa Lamar Smith na jihar Texas ya gabatar a Majalisar Wakilai a watan Oktoba 2011, sai ɗan'uwansa PIPA da Sanata Patrick Leahy ya kai Majalisar Dattawa. Manyan kamfanonin fim na Hollywood da na waƙoƙi su ne a bayansu, don sun gaji da shafukan ƙasashen waje da ke raba kayansu kyauta kuma hannun kotun Amurka bai kai can ba.

Amma ka gane, ba wai mutane na kare ɓarayi ba ne, yadda aka tsara hukuncin ne ya tsorata su. Da dokar ta wuce, kotu za ta iya sa kamfanonin intanet su toshe sunan shafi gaba ɗaya, Google ya cire shi daga bincike, masu talla da irinsu PayPal su daina hulɗar kuɗi da shi, kaga ke nan kamar a ce yaro ɗaya ya shigo da wayar sata kasuwar waya sai a garƙame ƙofar kasuwar baki ɗaya har da mai gyaran caja da bai san hawa ba bai san sauka ba. Alhali tun 1998 suna da dokar DMCA wadda mai fim zai kai ƙorafi a sauke wannan fim ɗin kaɗai, shafin ya ci gaba da harkarsa. Injiniyoyin intanet ma sun yi ta gargaɗi cewa irin wannan toshiyar ita ake yi a ƙasashen da ke rufe bakin jama'a.

Ranar 18 ga Janairu 2012 sai Wikipedia ta Turanci ta yi baƙi ƙirin na awa 24, ka buɗe ka nemi abu sai dai ka ga saƙo ana cewa ka tuntuɓi ɗan majalisarka. Google ya rufe tambarinsa da baƙin layi, shafin tattaunawa na Reddit ma ya kashe kansa, miliyoyin mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi. Kafin ka ce kwabo sanatocin da suka goyi baya sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ranar 20 ga wata aka ɗage ƙuri'ar, shi ke nan ba a ƙara dawowa kanta ba.

Abin da ni ya fi ba ni dariya, washegarin zanga-zangar, 19 ga Janairu, hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, wani shafi da mutane ke ɗora fina-finai da waƙoƙi wasu na saukewa, aka kama mai shi Kim Dotcom a New Zealand, da tsofaffin dokokin da suke da su fa, ba SOPA ba PIPA.

Sai kuma batun shagonka, tunda kai ka kawo kanka. Mu nan sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ta tanadi sauke kayan sata daga intanet har da toshe shafi, kuma 'yan Kannywood sun daɗe suna kuka da masu turawa ba izini, don haka idan abokin naka ya zo shan shayin ku tattauna wannan ma.