Babur ya shekara uku a ajiye, yanzu yana ɗiga: in tayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar Honda CG 125, ta shekara uku a zaure ba a taɓa ta ba. Na zuba mata fetur jiya, da safe na tarar da ƙasa a jiƙe a ƙarƙashin injin. Wani bakanike a layinmu ya ce in tayar da ita ta yi zafi, ɗigar za ta toshe da kanta. Hankalina bai kwanta ba, ga yara suna wasa a zauren. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai, ɗan'uwa, ka mayar da makullin mai kan OFF, ka tura babur ɗin waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta. Kada ka taka kik.

Wannan injin iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, don haka abin da ke zuba galibi bai wuce huɗu ba: fetur, baƙin mai, man shokoba ko ruwan batir. Ka wanke injin, ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana. Fetur yana bushewa ya bar tabo ruwan ɗorawa da wari; baƙin mai yana nan da maiƙonsa; man shokoba galibi a ƙafar gaba za ka gan shi; ruwan batir kuwa yana barin farin gari yana cin fenti. Ka barbaɗa hoda a jikin injin, ka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Inda ɗigon ya faɗi ba nan ne mafarinsa ba.

Tunda sai da ka zuba fetur abin ya fara, zargina yana kan kafireto. Tsohon fetur yana daskarewa kamar ƙaro, ga tsatsar tanki, sai allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar fetur idan kafireto ya cika, ta kasa rufewa. Ko kuma tiyon mai ya bushe ya tsage.

Maganar "a tayar ya yi zafi" kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an turo mini babur da ita ta kashe. Roba da ta shekara uku tana bushewa ba ta komawa sabuwa don ta ji zafi, allurar da datti ya tokare ba ta san zafi ba. Kuma abin da masu wannan shawara ba sa faɗa maka shi ne, tankin yana sama da kafireto, fetur yana gangarowa da kansa. Idan kafireto ya cika ya tumbatsa, ba duka fetur ɗin ne ke fita ta tiyon da ke ƙasansa ba. Wani yana bi ta bawul ya shiga silinda, ya silale ta gefen ringi ya sauka cikin baƙin mai. Injin da duk mansa bai wuce kamar lita 1 ba, ka haɗa shi da fetur, me ya rage da zai kare boris da fistin?

Na taɓa kwance magudanar baƙin mai ta wani babur irin wannan, abin da ya fito tsararo ne kamar ruwan shayi, ya kusa cika kwanon da na tara. Mai shi ya riga ya yi yawo da shi, ƙarar injin kamar ana daka. Kuɗin wankin kafireto ya koma kuɗin sauke inji. Wannan ma asarar dukiya ce kawai. Fetur yana ɗiga kan inji mai zafi, ga tartsatsin wayar fulogi da ɓera ya ciza, a cikin zaure da yara, sai a ce tsautsayi. Bakaniken da ya ba da shawarar yana gida yana barci.

Ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka goge, ka mayar ba tare da ka murɗa ba, babur yana tsaye daidai. In man ya haura layi ko yana warin fetur, ka zubar da shi gaba ɗaya. Ko bai haura ba, man shekara uku ya gama aiki. A wanke tanki da kafireto, a sa sabon tiyo da sabuwar allura, a cire fulogi a taka kik a hankali ko da fetur ya taru a silinda. Sai ka buɗe makullin mai, ka sake shimfiɗa kwali, ka jira awa guda. In kwalin ya fito a bushe, ka tayar da babur ɗin a waje.