Shin gadar sama ce maganin cunkoson da ya fara kunno kai a Dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haifaffen Dutse, kuma ina cikin ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Na san garin nan tun kafin a ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, lokacin da mutum zai zauna a bakin hanya ya ƙirga motocin da suka wuce a yini guda. Yanzu ga jami'ar tarayya, ga filin jirgin sama, gonakin da muka noma muna yara duk sun zama filotai, kuma safe da yamma an fara samun cunkoso a wasu mahaɗu. A taronmu na baya-bayan nan yawancin mutane sun ce mu rubuta wa gwamnati mu nemi gadar sama, a kuma faɗaɗa babban titi kamar yadda aka yi a Kano. Hankalina bai kwanta ba, domin ina zuwa Kano ina ganin halin da ake ciki. Ina tsoron kada jikokinmu su gaji garin da ba ya shiguwa. Me ya kamata mu nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma ka yi tambayar a lokacin da take da amfani, domin garin da har yanzu gonaki ke kewaye da shi yana da zaɓin da Kano ta rasa tun da daɗewa. Lissafin ba shi da wuya: garin da jama'arsa ke ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a shekara zai ninka cikin kusan shekara 18, kuma faɗin ƙasar da yake ci yakan fi yawan jama'ar saurin ƙaruwa, saboda kowa yana neman fili mai araha a bayan gari. Wato rabin Dutsen da jikokinka za su zauna a ciki ba a gina shi ba tukuna, kuma a kan wannan rabin ya kamata takardarku ta fi yin magana.

Amma bari in tsaya a kan gadar sama da faɗaɗa titi, domin babu ra'ayin da nake karo da shi kullum a wannan aiki na tsara birane kamar sa, kuma babu wanda ya kai shi cinye dukiyar jama'a. Mutane suna ɗaukar motoci kamar ruwan sama, titi kuma kamar lambatu, sai su ce idan lambatu ya cika a faɗaɗa shi. Ruwan sama ba ya ƙaruwa don an faɗaɗa lambatu, mota kuwa tana ƙaruwa don an faɗaɗa titi. Ranar da aka buɗe sabon titi tafiya za ta yi sauƙi, sai wanda yake fita da sassafe don guje wa cunkoso ya koma fita tare da kowa, wanda yake hawa mota ɗaya da maƙwabcinsa ya fito da tasa, wanda yake shakkar sayen fili mai nisa ya saya ya gina, masu shaguna da gidajen mai su jeru a gefen sabon titin kowa da ƙofar shigarsa. Kafin a gama biyan ɗan kwangila titin ya sake cika, kuma a wannan karon mutane sun riga sun watsu nesa, ba su da wata hanyar zuwa aiki sai ta kansa.

An auna wannan abu, ba zato ba ne. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi bayanan biranen Amurka na shekaru masu yawa, suka gano cewa yawan tafiyar motoci yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. A birnin Houston an kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har ta kai layi 26 a wasu wurare idan an haɗa da hanyoyin gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. A Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa akasin haka aka yi: a 2003 aka rushe wata doguwar gadar sama da ta ratsa tsakiyar birni, aka buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, aka gyara tsarin motocin safa, kuma birnin bai tsaya cik ba kamar yadda aka yi ta tsoratarwa. Kai kanka ka ambaci Kano. An yi gada a Ƙofar Nasarawa, an yi a Dangi, an yi a Hotoro, kuma kowacce ta sauƙaƙa mahaɗarta, amma duk mai bin garin da yamma ya san cewa gada tana ɗaukar mota ne ta tsallakar da ita shatale-tale ɗaya, ta sauke ta da gudu a bakin mahaɗa ta gaba, inda layin ya koma ya jira ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a garuruwanmu masu tasowa ƙarancin layi ba kasafai yake jawo cunkoso ba. Ka je mahaɗar da ake kuka da ita ka tsaya minti talatin. Za ka ga adaidaita sahu uku sun tsaya a baki suna lodi, mai tebur ya turo kayansa kan kwalta domin babu wurin da aka tanadar masa, wani ya ajiye mota ya shiga banki, tifa mai yashi tana ƙoƙarin juyawa, masu tafiya a ƙasa kuma sun gangaro cikin titi domin gefen ya cika da kaya. Titi mai layi biyu ya koma layi ɗaya da rabi. Idan aka mai da shi layi huɗu ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, za a samu wurin lodi da wurin ajiye mota mafi faɗi ne kawai, da kuɗin da zai isa a yi wa unguwanni da yawa titi da magudanar ruwa.

Sannan akwai wanda ba a tunawa da shi a irin taron da kuka yi, wato mai tafiya a ƙasa, alhali shi ne mafi yawa a garin. Ka dubi yarinya 'yar aji uku a firamare, jaka a baya, tana riƙe da hannun ƙaninta, gidansu yana wannan gefen, makarantarsu tana wancan. Jiya layi biyu take tsallakawa, motoci kuma a hankali suke tafiya. Yau layi shida ne da shingen kankare a tsakiya, direba kuma ya ga fili ya taka mai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a a wuraren da mutane da motoci suke cakuɗuwa, saboda wanda aka buge a wannan gudun yakan rayu, wanda aka buge a ninkinsa kuwa sau da yawa ba ya tashi. Faffaɗan titi a tsakiyar gari yana gayyatar ninkin. Gadar ƙasa ita ma tana da nata nauyin, domin idan injin zuƙe ruwa ya lalace a watan Agusta sai ta zama kududdufi. Gada tana da muhallinta, kamar inda titi zai tsallaka layin dogo, ko inda manyan hanyoyin tarayya biyu suka haɗu a wajen gari, amma mahaɗar cikin gari mai girman Dutse fitilar ba da hannu, da gyaran kwana, da wurin tsayawar masu haya sun ishe ta shekaru masu yawa.

Ku yi hattara kuma da masu kiran kansu ƙwararru, waɗanda suke zuwa da hotunan kwamfuta masu ƙyalli, ga gada ga fitilu ga bishiyoyi, babu mutum ko ɗaya yana tafiya a ƙasa. Na taɓa karanta rahoton da aka miƙa wa wani gari, na tarar da sunan wani garin dabam a shafuka biyu, marubucin ya manta bai goge ba. Duk wanda ya kawo muku zane ku tambaye shi motoci nawa ya ƙirga, a wace rana, da wane lokaci, daga ina mutanen suke fitowa kuma ina za su. Wanda ba shi da amsa ɗan talla ne, kuma kayan da yake tallatawa kankare ne.

Abin da za ku nema na farko shi ne a keɓe filin hanyoyin gobe tun yau, domin tun ran gini ran zane. A zana manyan hanyoyi a gonakin da ke kewaye da gari, masu faɗin kimanin mita 30, tazarar kusan kilomita ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta, suna ratsa juna kamar saƙar tabarma gwargwadon yadda duwatsun garin suka ba da dama, ta yadda babu gidan da zai fi tafiyar minti goma a ƙasa daga hanyar da motar haya za ta bi. Ba a buƙatar kwalta yanzu. Safiyo zai auna, a kafa turakun kankare, a biya diyya, a dasa darbejiya ko dabino a gefe biyu don kowa ya ga iyaka, manomi kuma ya ci gaba da nomansa har ranar da gari ya iso. Garuruwan Habasha irin su Hawassa da Adama da Bahir Dar sun bi wannan hanyar tun daga 2013. Hikimar tana cikin dokar amfani da ƙasa ta 1978: idan gwamna ya karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar tana bin abin da aka gina ko aka shuka a kai, don haka abin da za a biya kan gona yau ba ya kusa da abin da za a biya kan jerin benaye nan da shekara goma sha biyar, ban da baƙin cikin rushe wa mutane gidaje. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar tituna su ci aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar gari, kuma tituna da yawa masu haɗe da juna ake nufi, domin idan kowace unguwa titi ɗaya take zubowa a kai, ko layi nawa aka yi masa sai ya shaƙe.

Sauran abubuwan suna biyo bayan wannan. Tireloli masu wucewa su tsaya ga hanyar Kano zuwa Maiduguri, a yi musu wurin kwana a wajen Shuwarin da ke kan hanyar, kusa da Dutse, a kuma hana jera shaguna a bakin duk wata hanyar kewaye, in ba haka ba ita ma za ta zama titin cikin gari. A fara tsara layukan motocin haya masu tasha da lokaci, tare da ƙungiyar direbobi da masu adaidaita sahu a teburin shawara, domin mutum 60 suna buƙatar adaidaita 20 idan uku-uku za su hau, alhali babbar safa ɗaya za ta kwashe su. Kada a hana wani abin hawa kafin a tanadi madadinsa, domin da Kano ta hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu ne ya cike gurbin, da yawan da yake neman fin ƙarfin titunan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 yana da reshe zuwa Dutse, don haka ku nemi a keɓe hanyoyin da za su haɗa tashar da gari tun kafin dillalai su yanka wurin. Jirgin ƙasan cikin birnin Abuja ya fara aiki a 2018, amma wahalar isa wasu tashoshinsa ta rage masa fasinja.

Wani ɓangaren laifin namu ne, Malam, kuma ya kamata a faɗe shi a taronku. Da zarar an ga safiyo da na'urarsa sai jita-jita ta tashi cewa gwamnati za ta ƙwace gonaki, sai a yi maza a kira dillali a yi awon igiya, a yanka filotai a bar lungu mai taku uku don a samu ƙarin fili ɗaya na sayarwa. Wanda ya saya kuma sai ya ci taku ɗaya da dakali, maƙwabcinsa ya ci ɗaya da ramin masai. Na shiga unguwannin da makara ba ta iya juyawa a kwanar lungu sai an ɗaga ta sama da kai, motar kashe gobara kuwa sai dai ta tsaya a bakin titi ana kallon hayaƙi, mai naƙuda kuma a ɗauko ta a hannu zuwa inda mota ta tsaya. Ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, a zamanin da raƙumi ne babban abin hawa, don haka wanda ya ci hanya ya ci haƙƙin mutanen da bai san su ba, har da waɗanda ba a haifa ba. Haka nan jami'in da ya sa hannu aka yi gini a kan filin da aka keɓe wa titi, da wanda ya bar taswirar gari tana cin ƙura a durowa har wa'adinta ya wuce, da wanda ya jinkirta diyyar manomi har ya sa mutane suka daina yarda da turakun gwamnati, kowannensu amana ya ci.

Kafin ku rubuta takardar, ku ɗauki matasa goma ku raba su a mahaɗu ukun da aka fi kuka da su, kowa da littafi da biro, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe da kuma 4 zuwa 6 na yamma, na kwana uku, ɗaya daga ciki ranar cin kasuwar Shuwarin. Su ƙirga motoci da babura da adaidaita da masu tafiya a ƙasa kowanne dabam, su kuma rubuta abin da ya tare hanya duk lokacin da layi ya tsaya. Ku haɗa wannan ƙidaya da takardarku zuwa hukumar raya babban birnin jiha, ku nemi a nuna muku taswirar garin da shekarar da aka sabunta ta, a kuma liƙa kwafinta a fadar hakimi da ofishin ƙaramar hukuma, inda mai shirin sayen fili zai iya dubawa kafin ya biya kuɗi.