Amsa ga Uwata kan rigar Malam

Uwata, saƙonki ya iso ni tun ranar Laraba, na bari sai da na natsu. Kin ce a makarantarku ta koyon ɗinki an nuna muku hoton wata riga da telan Faransa Yves Saint Laurent ya fitar a 1965, wadda ya kwaikwayo daga aikin Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holan, har malaminku ya ce a nan ne zane da yayi suka gamu. Shi ne kike tambaya ko al'ada za ta yarda ki ɗauki aikin babbar rigar kakanki ki ɗora a kan abayar mata, in ma da hali in ba ki rigar ki yanka.

Batun yanka, a'a. Ki cire shi daga ranki. Na ɗaukar aiki kuwa, zauna ki ji.

Ki gaya wa malamin naku, cikin ladabi, cewa mu a nan zane da tufa ba su taɓa rabuwa ba balle a ce sun gamu. Ba mu tashi da rataya hoto a bango a tsaya ana kallo ba. Gwanintarmu a jikin mutum take, sai bangon gida, da kayan doki, da bayan ƙwarya, da hannun amarya. Dagin da ke saman ƙofar zaure shi ne a gaban riga, shi ne a kan matashin fata. In kin samu zuwa Kafin Madaki, ki shiga gidan Madaki da ake jingina gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ki ɗaga kai ki dubi ɗaurin guga, wato bakan ginin da ke riƙe da rufin ɗakin. Idon da ya tsara wannan da idon mai zanen riga, makarantarsu ɗaya.

Na ce mai zanen riga, domin mai zane daban, mai ɗinki daban, kuma kowa da ladansa. Kakanki Malam mai zane ne. Zai shimfiɗa rigar a kan tabarma cikin zaure, ya ɗauko alƙalamin kara da tawadar da yake rubuta allo da ita, ya fara daga bakin wuya. Ba ya awo, ba ya gogewa. Kowane zane da sunansa: aska mai dogon tsini ta sauko a kan aljihu ta hagu, tambari ya kewaya ta dama ya sake fitowa a baya, gidan biyar ya zauna a wurinsa. Mu yara sai mu bi sawun tawada da allura. Zaren tsamiya ne, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa. Ba ya ƙyalli irin zaren yanzu, amma ya fi shi daɗewa. Riga ɗaya sai ta ci watanni. Na taɓa kwana goma sha a kan aska guda, Malam ya ɗaga ta wajen haske, ya ce bakinta ya dakushe, in warware. Ina kuka ina warwarewa. Askar da ba ta da tsini, in ji shi, wuƙar tuwo ce.

To, shin mace za ta sa wannan aikin? A ganina za ta sa. Masu cewa al'ada ba ta motsi ba su duba ƙasan rigar kakanki ba. Jan alharinin da aka yi mata shafi da shi, ta Sahara fatake suke kawo irinsa daga Tarabulus. Shaddar da muke tinƙaho da ita ran Sallah, mai tsadar daga Ostiriya take zuwa, atamfar iyayenku kuma daga Holan. Ɗinkin riga da hannu aikin maza ne a da, yau matan birnin Zariya suna cikin masu riƙe da shi. Alkyabba ma ina yaro ban san ta a jikin kowa ba sai sarki da manyan fada. Da amare suka fara sawa na yi ta mita, daga baya ni na biya kuɗin ta yayarki.

Amma akwai iyaka. Ki ɗauki aikin, kada ki ɗauki yankan. Tufar mace ta fito a tufar mace. Kada ki sa rubutun Larabci ko hatimi, komai kyansa, domin tufa tana shiga bayan gida, tana shiga ruwan wanki. In da kwamfuta kika yi surfanin, ki faɗa wa mai saye, kada ki karɓi kuɗin aikin hannu. Sannan ki san sunan kowane abu da inda yake fuskanta. Kwanaki a kasuwar Wunti na ga wani saurayi da aska a gadon baya, tsininta na kallon sama, yana ta taƙama. Ban ce masa komai ba, telan ne ya cuce shi.

Ita kuwa rigar, saƙi ce ta hannu, tsiri-tsiri aka haɗa ta, faɗin kowanne bai kai tafin hannunki ba. In kika sa mata almakashi, babu masaƙin da na sani a garin nan da zai mayar miki. Da ita Malam yake zuwa Idi, har yanzu in na buɗe adaka ƙanshin turarensa ne yake fara fitowa.

Ki zo hutun Sallah da takarda mai shara-shara da fensir. Zan shimfiɗa miki ita a zaure ki kwafi abin da kike so, ki ƙirga askokin da kanki ki gaya mini ko nawa ne. Ki wanke hannu kafin ki taɓa, kuma ba da lalle ɗanye ba. Ki gaishe mini da mahaifiyarki.

Baffanki, daga Bauchi.