Warin ban-ɗakin jirgin ruwa: wane tiyo za a saya, wane magani za a bari a kanti?

Tambaya: Ina kula da wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Bahar Maliya. Kullum muna wanke ban-ɗakinsa, amma ɗoyi ya kama har katifu. Mai jirgin ya ce in sayo maganin ƙamshi. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Idan ɗoyi ya kai ga katifu, galibi tiyon da ke kwashe ƙazanta ne ya jiƙe da wari har yana fitarwa ta jikinsa, kuma babu turaren da ke gyara wannan. Ga yadda za ka tabbatar: jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan zafi, ka naɗe shi a inda tiyon ya fi yin ƙasa, ka bar shi ya huce, sannan ka fita da shi waje ka sansana. Idan tsumman ya ɗauki warin, tiyon ya gama aiki. Kowane yanki ka gwada shi da tsumma daban, don kada ka cire mai lafiya.

Wajen saye, farin tiyon PVC mai laushi shi ne mai araha, shi ne kuma mai saurin ɗaukar wari, balle a ƙasa mai zafi. Nemi na roba mai kauri da aka yi don masai, irin su Trident 101 ko Raritan Sani/Flex. Faɗin na fitar da ƙazanta yawanci milimita 38 ne, na shigo da ruwa kuma 19. Inda hanya ta miƙe, fayif ɗin PVC mai tauri ya fi kowane tiyo, domin wari ba ya ratsa shi, sai dai a haɗa bakinsa biyu da guntun tiyo saboda jijjigar jirgi. Kowane mahaɗi da ke ƙasa da layin ruwa, wato inda ruwan teku ke tsayawa a jikin jirgi, a ɗaure shi da kilif biyu marasa tsatsa.

Abin da ya fi tsadar tiyon muhimmanci shi ne shimfiɗarsa. Duk inda ya lanƙwashe ya yi kwari, nan ƙazanta ke kwana, nan kuma yake fara lalacewa. A gajarta shi, a sa ya riƙa gangarawa zuwa tankin da ke tara ƙazantar. Sannan a koya wa masu shiga bugun famfon da ke kora ƙazanta yadda ya kamata: kamfanin Jabsco, mai ƙera masan jirgin ruwa, ya ba da shawarar bugu bakwai ga kowace mita ɗaya ta tiyo. Mai bugawa sau uku ya fita, ya bar kayan a tsakiyar hanya ne.

Tambaya: Namu warin baragurbi ne, kuma sai jirgi ya yi mako a ɗaure yake tasowa. Bayan an buga famfo kaɗan sai ya ɓace. Tanki ne?

Amsa: Tanki ba shi da laifi a nan. Ruwan teku ne da ya kwanta cikin tiyon shigowa. Ƙananan halittun cikinsa sun mutu, ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda babu iska suka fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maganin ba ya cin kuɗi sosai: a sa mahaɗi mai baki uku tsakanin tiyon shigowa da magudanar wurin wanke hannu, matuƙar suna amfani da kafa ɗaya ta jikin jirgi. Ranar da za a bar jirgin, a rufe bawul ɗin kafar, a cika wurin wanke hannun da ruwan sha, a buga famfo har ya zuƙe shi. Zuba ruwa kai tsaye cikin kwanon masai ba ya wadatarwa, domin ba ya bi ta hanyar shigowa, inda matsalar take.

Tambaya: An tallata mini matacin gawayi da ake sa wa bututun numfashin tanki. In saya?

Amsa: Mu dai ba ma gaggawar ba da shawararsa. Yana tare wari, gaskiya ne, amma yana rage iskar da ke shiga tanki, kuma rashin iska shi ne ke sa tanki ɗoyi tun farko. Ga shi da zarar tanki ya cika ya jiƙa gawayin, matacin ya toshe. Jirage da yawa suna zuwa da bututun numfashi mai milimita 16. A mayar da shi 25, gajere, miƙaƙƙe, babu kwarin da ruwa zai tsaya. A riƙa duba bakinsa na waje, domin zanzaro na gina gida a ciki. Toshewarsa ba ƙaramin abu ba ce: tanki yakan kumbura lokacin bugun famfo, ko ya lotsa lokacin da ake zuƙe shi. Matacin sai inda gyaran bututun ya gagara.

A cikin tankin, maganin da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu son iska, ko mai sinadarin nitiret irin Odorlos, ya fi mai ƙamshi. Kada a zuba bilic ko maganin wanki mai man fetur. Suna cin roba, suna kuma kashe ƙwayoyin da ke maka aiki. Idan tankin ne za a sauya, na roba mai kauri za a saya, domin fitsari na huda na alminiyam, har da na ƙarfe mara tsatsa.

Tambaya: Famfo ya yi tauri, ƙazamin ruwa kuma yana dawowa cikin kwano.

Amsa: Abu biyu ne. Fitsari da ruwan gishiri idan suka haɗu suna barin ɓawo mai tauri da ke ƙuntata tiyo. Kofi ɗaya na farin ruwan khal duk mako yana hana shi taruwa: a buga shi ya shige tiyo, bayan kamar awa ɗaya a bi shi da ruwan sha. Kada a bar shi ya kwana a famfo, roba na kumbura. Dawowar ruwa kuwa aikin ƙaramin bawul ɗin roba ne mai leɓe, wanda ake kira joka, a bakin mafitar famfo. Leɓensa na saki da tsufa. A sauya shi duk shekara, a ajiye wani a jirgi, a kuma shafa wa fistin ɗin famfon girishin silikon idan an buɗe.